An ce sinadaran hantarka sun hau: yadda ake karanta takardar gwajin da abin da ya kamata ka yi

Wata Asabar bayan la'asar ɗan yayata ya shigo gidana, ko zama bai yi ba ya zaro takarda daga aljihun gaban riga. Ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya. Ya ce, "Kawu, duba min nan, an ce hantata ta taɓu." Gwajin ɗaukar aiki ya je yi, lafiyarsa ƙalau, ba zazzaɓi ba ciwon ciki. A gaban ALT an rubuta 96, an buga tauraro a gefe, wanda ya miƙa masa takardar kuma bai ce masa komai ba illa ya nemi likita. Kwana uku bai yi barcin kirki ba. Kafin ya iso wurina har wani abokinsa ya kawo masa gorar jiƙo, wai na wankin hanta.

Irin wannan takarda tana shiga gidaje da yawa, kuma kusan kullum abu biyu ke biyo bayanta. Wani ya firgita ya fara ɗirka wa cikinsa duk abin da aka miƙo masa. Wani kuma ya ce ai shi ba ya jin komai, ya cusa ta ƙarƙashin katifa. Dukansu biyu sun yi kuskure. Ruwa ba ya tsami banza, lambar tana da dalili, amma lambar kanta ba cuta ba ce. Ga yadda ake bin ta a hankali har a kai ga dalilin.

Mataki na farko: san abin da aka auna

A takardar za ka ga LFT a sama, wato gwajin aikin hanta, sai jerin haruffa a ƙasa. Guda huɗu ne ake nufi idan an ce sinadaran hanta: ALT, AST, ALP da GGT. Wasu ɗakunan gwaji har yanzu suna rubuta tsofaffin sunayen, SGPT a madadin ALT, SGOT a madadin AST. Idan a Nijar ko Kamaru ko Chadi aka yi maka gwajin da Faransanci, za ka ga ALAT da ASAT, da PAL a madadin ALP. Abu ɗaya ne.

ALT da AST mazauninsu cikin ƙwayoyin hanta ne, can suke aikinsu. Ɗan kaɗan ne ke yawo a jini. Idan wani abu ya ji wa ƙwayoyin rauni, sai su tsiyayo cikin jini, na'ura ta ƙirga su. Ka ɗauka ka shiga ɗakin ajiya ka tarar da gero a zube a ƙasa. Ka san buhu ya huje. Amma geron da ke ƙasa bai gaya maka ɓera ne ko ƙusa ba, bai kuma gaya maka buhu nawa suka rage a ɗakin ba. Har ma buhun da ya kusa ƙarewa ɗan kaɗan yake zubarwa. Haka hantar da ta daɗe tana ciwo har ta ƙeƙashe take iya nuna ALT kusan daidai, ita kuwa lafiyayyar hanta da ta gamu da wani abu makon jiya ta nuna ɗaruruwa, ta warke sarai bayan wata guda. Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe: girman lamba ba shi ne girman ɓarna ba.

Abin da ke nuna ko hantar tana iya aikinta yana can ƙasan takardar, inda mutane ba su cika kallo ba. Akwai bilirubin, wato sinadarin da ke sa ido ya yi rawaya idan ya taru, wanda yawanci ba ya wuce 21 a ma'aunin µmol/L, ko 1.2 a ma'aunin mg/dL. Akwai albumin, furotin da hanta ke ƙerawa, daidai ɗinsa 35 zuwa 50 g/L. Sai INR, wanda ke auna saurin daskarewar jini, shi kuma sau da yawa sai likita ya rubuta shi daban. Idan waɗannan ukun suna daidai, hantar tana ɗauke da kayanta ko da ALT ya hau.

Mataki na biyu: ninki nawa ya hau?

Kada ka kwatanta lambarka da ta maƙwabci ko wadda ka gani a intanet. Kowane ɗakin gwaji yana buga iyakarsa a gefen dama na takardar, domin na'urori sun bambanta. Yawancinsu suna sa iyakar ALT da AST a wajen 40. Ka raba lambarka da wannan iyakar. Ta ɗan yayata 96 ce, a raba da 40, ya ba da ninki biyu da ɗan ɗori.

Ƙasa da ninki biyu, an ɗan gota layi ne kawai. Daga biyu zuwa biyar, hawa ne mara tsanani, kuma a nan mafi yawan mutane suke. Biyar zuwa goma sha biyar matsakaici ne, yana son ganin likita cikin kwanaki kaɗan, ba makonni ba. Abin da ya haura ninki goma sha biyar, musamman idan ya kai dubu, na ranar ne. Abubuwan da ke kai ALT dubu ba su da yawa: sabon kamuwa da ƙwayar cutar hanta, guba ko magani irin farasitamol da aka sha ya wuce kima, ko yankewar jini ga hanta lokacin da jinin mutum ya faɗi ƙasa warwas.

Akwai wani abu ga masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 30 a matsayin iyakar ALT ga namiji, 19 ga mace. Ke nan mace mai nau'in B da ta ga 35 ba tauraro a gefe, kada ta ɗauka an sallame ta.

Mataki na uku: wanne ne ya fi hawa?

Idan ALT da AST ne a sama, ALP na nan daidai, matsalar a ƙwayoyin hantar take. ALT ya fi zama na hanta zalla. AST kuwa akwai shi a tsoka, da zuciya, da jajayen ƙwayoyin jini. Saurayin da ya kwana biyu yana ɗaga ƙarfe, ko ya buga ƙwallo har ƙafa ta riƙe, ko wanda ya sha dogon aikin lebura cikin rana, AST ɗinsa yana iya hawa alhali hantarsa lafiya lau. Gwajin CK ke raba gardama, domin shi na tsoka ne. Mai sikila ma, da wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, jininsu na fashewa, sai AST da bilirubin su hau tare. Idan kuwa AST ya ninka ALT sau biyu ko fiye, GGT ma ya hau, likita zai yi tambaya a kan giya.

Idan ALP ne ya yi sama, a dubi GGT. Sun hau tare, to hanyar da ruwan maɗaciya ke bi ce ake zargi: tsakuwa a matsarmama, ko wani abu ya danne bututun, ko magani ya hana ruwan gudu. A nan hoton ciki ne abu na gaba. ALP shi kaɗai, GGT na daidai, yawanci daga ƙashi yake. Yaro mai tasowa ALP ɗinsa yana da yawa saboda ƙashinsa na girma, haka mai ciki a watannin ƙarshe saboda mahaifa na fitar da shi. Na sha ganin iyaye sun tashi hankalinsu a kan ALP na ɗan shekara goma sha uku da aka auna da ma'aunin manya.

Wani kuma bilirubin ne kaɗai ke ɗan hawa, sauran duk daidai, idonsa ya ɗan yi rawaya idan ya yi azumi ko zazzaɓi, ya washe daga baya. Sau da yawa wannan halitta ce da ake kira Gilbat, ba ta cutarwa, ba ta son magani. Amma likita ne zai faɗi haka, bayan ya tabbatar jini ba fashewa yake ba.

Mataki na huɗu: alamun da ba a kwana da su

Duk abin da zan faɗa a gaba na mai lafiya ne da ke tafiya da ƙafarsa. Idan tare da sakamakon akwai shawara a ido, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari, a tafi asibiti yau. Haka idan akwai aman jini ko baƙin bayan gida mai kama da kwalta, ciki ko ƙafafu sun kumbura, dasashi na zubar da jini, ko zazzaɓi da ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Mafi haɗari shi ne mutum ya fara rikicewa, yana barci da rana yana farke da dare, yana magana ba kan gado. Wannan dafi ne da hanta ta kasa tacewa ya hau ƙwaƙwalwa. A yi masa addu'a a hanyar asibiti, kada a tsaya a gida.

Mai ciki kuma hukuncinta daban ne. Idan sinadaran hantarki sun hau, ga hawan jini, ga ciwon kai, ga ciwo a saman ciki, kada ki jira ranar awo. Haka ƙaiƙayin tafin hannu da tafin ƙafa da ke hana ki barci. Shawara ga mai ciki ba ta jiƙo ba ce. A ɓarkewar ciwon hanta nau'in E da aka yi a Diffa a 2017, wanda gurɓataccen ruwa ke yaɗawa, mata masu ciki ne suka fi rasa rayukansu.

Mataki na biyar: zazzage duk abin da kake sha

A nan nake so a daɗe. Na ce wa ɗan yayata ya koma gida ya kwaso min duk abin da ya shiga bakinsa da sunan magani cikin wata uku. Ya ce, "Kawu, ni ba na shan magani." Da ya dawo da baƙar leda muka zazzage a kan tabarma, sai ga Panadol, ga wani maganin mura na kemis, ga ragowar maganin zazzaɓi, ga ƙullin garin maganin basir, ga gorar nan ta abokinsa. A wurinsa duk waɗannan ba magani ba ne, tunda ba likita ne ya rubuta ba.

Farasitamol magani ne mai aminci idan an tsaya a iyakarsa. Iyakar babba mai lafiya giram 4 ne a awa 24, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, ana ba da tazarar awa huɗu zuwa shida. Ramamme, da mai shan giya, da mai ciwon hanta, tasu iyakar ba ta kai haka ba. Inda ake faɗawa rami shi ne yawancin magungunan mura da na ciwon jiki akwai farasitamol a cikinsu. Mutum ya sha Panadol biyu, ya kora da maganin mura, ya ƙara da haɗin da mai kemis ya ƙulla masa a leda ba suna, ya wuce iyaka bai sani ba. Wanda ya sha da yawa lokaci guda, a kai shi asibiti nan take ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau. Akwai makarinsa, kuma ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa takwas na farko. Alamun ciwon sai bayan kwana ɗaya ko biyu suke bayyana.

A magungunan asibiti, waɗanda aka fi sani da taɓa hanta sun haɗa da na tarin fuka, musamman isoniyazid da rifamfisin da firazinamayid. Akwai Augmentin, wanda illarsa kan fito ko bayan an gama shan sa da makonni. Akwai wasu magungunan farfaɗiya, da nebirafin na masu cutar ƙanjamau, da ketokonazol na sha, da diklofenak. Magungunan rage kitsen jini ma kan ɗan ɗaga ALT, amma ba kasafai hakan ke sa a dakatar da su ba. Ka kula da wannan sosai: kada ka yanke maganin tarin fuka, ko na farfaɗiya, ko na ƙanjamau da kanka don ka ga tauraro a takarda. Ka kai wa wanda ya ɗora ka a kai. Suna da ƙa'idarsu. A maganin tarin fuka, misali, sukan dakatar idan ALT ya ninka biyar, ko ya ninka uku tare da amai ko shawara. Idan waɗannan alamun sun zo, ranar za ka koma musu.

Sai na gargajiya. Ba raina shi nake ba, da shi aka raine mu. Amma gorar da ake sayarwa a tasha ko a bayan mota da lasifika, ba wanda ya san abin da ke ciki, ba awo, wani lokaci ma an niƙa ƙwayoyin bature an zuba. Maganin basir, na sanyi, na ƙarfin maza, tsimin mata, shayin rage ƙiba, ƙwayoyin ƙara ƙiba da 'yan mata ke sha, garin gina tsoka na 'yan ɗaga ƙarfe, duk ta hanta suke bi. Abin da ya fi ci min rai shi ne wanda ake kira wankin hanta. Hanta ita ke tace jini, ba a wanke ta. Mutumin da hantarsa ke fama, ka ƙara mata jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba, garin neman gira za a rasa ido. Duk abin da ba likita ne ya ɗora ka a kai ba, ajiye shi har a gama bincike. Ka kuma tafi da kwalaben da ƙullin gaban likita ya gani da idonsa.

Maganar giya tana da nauyi a bakin mutanenmu, na sani. Amma ɗakin likita ba kotu ba ce, kuma sirrinka amana ne a wuyansa. Ko ta kwalba ce ko burkutu, ka faɗa masa gaskiya da yawanta. In ka ɓoye, za ka kashe kuɗi a gwaje-gwajen da ba ka buƙata, a kuma ɓata lokaci.

Mataki na shida: gwajin ciwon hanta nau'in B da C

A ƙasashenmu wannan ba zaɓi ba ne. Ko da ka gano maganin da kake zargi, ko da ALT ya sauko, ka yi shi. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Ka ƙirga sahu ɗaya na masallacin unguwarku, kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu. Mafi yawansu ba su sani ba, domin cutar tana shekara ashirin, talatin, ba ta ce uffan ba.

Gwajin B sunansa HBsAg, na C kuma anti-HCV. Ɗigon jini ne, ba su da tsada, sakamako kan fito a ranar. Na ɗan yayata ya nuna yana ɗauke da B. Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, wallahi ban taɓa..." Na tare shi. Yawancin masu ɗauke da B na dindindin a Afirka tun suna jarirai ko ƙananan yara suka samu, daga uwa wajen haihuwa ko ta jini tsakanin yara. Jaririn da ya kamu, kusan tara cikin goma cutar na zama masa ta dindindin. Babba kuwa idan ya kamu, kusan kashi 95 cikin ɗari jikinsa na kore ta da kansa. Tana bin jini da saduwa: askar wanzami da ba a sauya ba, ƙaho, kaciya, cire beli, almakashin mai yankan farce, allurar da aka maimaita. Ba ta bin gumi, ba ta bin musafaha, ba ta bin cin abinci a kwano ɗaya. Ware wa mutum kofi da cokali zalunci ne da ba ya kare kowa.

Idan HBsAg ya nuna akwai, ba a nan aka tsaya ba, kuma ba kowa ake ɗorawa a magani ba. Idan ya ci gaba da nunawa bayan wata shida, ta zama ta dindindin. Likita zai so ya san yawan ƙwayar cutar a jini, gwajin da ake kira HBV DNA, sannan ya san ko hanta ta fara tabo. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024, ana fara magani idan ƙwayar ta haura 2,000 IU/mL tare da ALT sama da iyaka, ko akwai alamar tabo, ko akwai wani dalili kamar ƙanjamau ko tarihin kansar hanta a dangi. Maganin tenofobir ne ko entekabir, ƙwaya ɗaya a rana. Ba ya kashe cutar gaba ɗaya, amma yana danne ta, yana rage haɗarin ƙeƙashewar hanta da kansa ƙwarai. Yawanci na shekaru ne, ko na tsawon rai, kuma yanke shi kwatsam kan sa cutar ta taso da ƙarfi. Duk wanda ya ce zai warkar maka da B cikin wata uku da gora, kuɗinka yake so. Kafin a fara maganin ana gwada ƙanjamau, domin tenofobir yana taɓa cututtukan biyu.

Nau'in C labarinsa ya fi daɗi. Idan anti-HCV ya nuna, sai a tabbatar da HCV RNA, domin wasu jikinsu ya riga ya kore ta, tambarin ne kawai ya rage. Idan tana nan, ƙwayoyin sha na mako 12 suna warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari. Masar, wadda a da ta fi kusan kowace ƙasa fama da C, da irin waɗannan magunguna da gwajin gama-gari ta karya lagon cutar.

Mai ɗauke da B ya yi hattara da gyada da masarar da suka yi fumfuna. Akwai dafin aflatoksin a cikinsu, kuma haɗuwarsa da B tana ninka haɗarin kansar hanta. Gyadar da ta yi ɗaci ko ta canza launi, a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da ita.

Mataki na bakwai: kitse a hanta

Idan B da C babu, magani babu, giya babu, abin da ya fi yawa shi ne kitse. Ana ganin sa ga mai tumbi, mai ciwon suga, mai hawan jini, mai yawan kitse a jini, kuma siriri ma yana iya samu. Hoton ciki zai nuna hantar ta yi haske fiye da kima. A haɗa da gwajin suga da na kitsen jini. Mutane na ɗauka mai da nama ne kaɗai ke kawo shi, alhali lemon kwalba, da shayi mai cokali huɗu na sukari, da zoɓo da kunun aya da aka cika wa zaƙi, da tulin farar shinkafa da burodi suna cikin manyan masu laifi. Maganinsa rage nauyi. Kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana rage kitsen da kumburin, wato mai kilo 90 ya sauke shida zuwa tara, a hankali cikin watanni. Tafiyar sauri ta minti talatin, kwana biyar a mako, tana taimakawa ko nauyi bai sauka ba.

Akwai dalilai da ba su da yawa, kamar garkuwar jiki ta juya wa hanta baya, ko taruwar ƙarfe ko tagulla a jiki, ko ciwon maƙoƙo. Waɗannan aikin likitan hanta ne idan na farko duk sun fita.

Mataki na takwas: maimaita gwajin, a kuma auna tabo

Sakamako ɗaya hoto ne na rana ɗaya. Idan hawan bai kai ninki biyar ba kuma ba alamun haɗari, likita kan ce a ajiye abin da ake zargi a dawo bayan mako biyu zuwa huɗu. Ka koma ɗakin gwajin da ka fara zuwa don ma'auni ya zama ɗaya. Ka huta da motsa jiki mai tsanani kwana biyar zuwa bakwai kafin a ɗebi jinin, kuma kada ka je kana tsakiyar zazzaɓi. AST ya fi saurin sauka, ALT na biye, GGT kuwa sai ya ɗauki makonni. Idan bayan wata uku zuwa shida lambobin na nan a sama, ko suna ƙara hawa, ka nemi a tura ka wurin likitan ciki da hanta. Ana samun su a asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri, da babban asibitin ƙasa na Yamai.

Tambayar da ta fi muhimmanci a ƙarshe ita ce ko hanta ta yi tabo. Akwai lissafi mai sauƙi da ake kira APRI, wanda ba ya buƙatar komai sai AST da adadin filatilet, wato ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, da ke cikin gwajin ƙirga ƙwayoyin jini da ake kira FBC. A raba AST da iyakarsa, a raba abin da ya fito da filatilet, a ninka da ɗari. Mai AST 60 da iyaka 40 ya sami 1.5. Idan filatilet ɗinsa 300 ne, APRI ya zama 0.5. Idan 120 ne, ya zama 1.25. AST ɗin bai canza ba, amma na biyun yana buƙatar a duba shi da kyau, domin filatilet kan ragu idan hanta ta ƙeƙashe saifa ta kumbura. Ga mai B, abin da ya haura 0.5 ya isa a yi maganar fara magani. Inda akwai na'urar FibroScan, tana auna taurin hanta cikin 'yan mintuna ba tare da huda ba. Wanda aka tabbatar hantarsa ta ƙeƙashe, da mai B da likita ya ga yana cikin haɗari, ana yi musu hoton ciki duk wata shida, sau da yawa tare da gwajin jini da ake kira AFP, don a kama kansa tun tana ƙarama.

Ranar komawa wurin likita ka tafi da duk tsofaffin takardunka a jere bisa kwanan wata, da ledar magungunan, da amsar tambayar ko wani a danginku ya rasu da kumburin ciki, ko shawara, ko aman jini. Ka tambaye shi abu uku: me yake zargi, wane gwaji ne zai tabbatar, yaushe za ka dawo.

Ɗan yayata ƙwayar cutarsa ta haura iyaka, aka ɗora shi a tenofobir, yana sha kullum bayan sallar isha'i don kada ya manta. Bayan watanni ALT ɗinsa ya dawo ƙasa da 30. Mahaifiyarsa da ƙannensa duk sun je gwaji, aka sami biyu suna ɗauke da ita, sauran aka yi musu rigakafi. Da maganar aurensa ta taso, tunda a Kano doka ta wajabta gwajin B da C kafin aure tun 2024, shi da kansa ya sanar da gidan yarinyar kafin ranar gwajin. An gwada ta ba ta da ita, aka fara mata allurar rigakafi: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. An kuma gaya musu duk ɗan da Allah ya ba su a yi masa allurar B cikin awa 24 da haihuwa, ko a gida aka haihu, kada a jira ranar suna.